Yawon Yini Ɗaya Daga Kunci Zuwa Duwatsun Kazaure

A tsibirin Kubrus da ke Bahar Rum, akan kwashi baƙi da safe su hau duwatsun Troodos, kafin magariba a sauko da su bakin teku. Mutumin Kunci ma yana da irin wannan yawo a kusa da gida, sai dai ba kasafai muke ɗaukarsa da daraja ba, abin kuwa da takaici.

A fara da madatsar ruwan Gari da sassafe, lokacin da masunta ke fitowa da kamunsu. Da wannan ruwa ake noman rani tun daga Kunci har yankin Kazaure da Roni, ga tumatir ga albasa ga shinkafa, alhali gonakin tudu sun bushe ƙurmus.

Daga nan sai Kazaure, wadda ta koma Jihar Jigawa a 1991. Ɗan Tunku ne ya kafa masarautarta a farkon ƙarni na 19, kuma duwatsun nan ne suka zame masa mafaka a yaƙinsa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Wanda ya hau su zai gane dalili.

An fi jin daɗin tafiyar bayan damina, kafin hazo ya rufe sararin sama.