Gunjin Lasifika da Taransifoma Mai Raba Wuta

Duk wanda ya taɓa kunna rediyo ko rikoda a garin Wudil da daddare, bayan hayaniyar kasuwar Juma'a ta lafa, ya san wani gunji da kan fito daga lasifika ko da ba a sa waƙa ba. Wani lokaci gurnani ne mai kauri, wani lokaci kuma zizar ƙudan zuma ce, wadda kan dagula kiɗan kalangun Mamman Shata ko karatun malami. Masu gyaran rediyo sukan ba da shawarar a sayi taransifoma mai raba wuta, kayan da ba arha gare shi ba. Kafin magidanci ya zuba kuɗinsa, ya kamata ya san irin ciwon da wannan magani yake warkarwa, domin ba kowane gunji yake kashewa ba.

Wutar lantarkin da ake rabawa a Nijeriya, tun zamanin NEPA da aka kafa a 1972 har zuwa kamfanin KEDCO da ya karɓi rabon wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa a 2013, wuta ce mai kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, ƙarfinta kuma wajen bolt 230. Wannan kai da komo shi ne asalin gurnanin. Amma akwai abin lura game da halittar kunnen ɗan'adam. Kunne lafiyayye yana jin sauti daga mai kaɗawa sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa, sai dai ba daidai yake jin su ba. A can cikin kunne akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, wadda ƙananan gasu suke jere a cikinta, kowane sashe da irin sautin da yake amsawa. Tun a 1933 wasu masana a Amurka, Fletcher da Munson, suka auna yadda kunne ya fi kaifi ga sautin da ke tsakanin 2,000 da 5,000, alhali sautin 50 sai ƙarfinsa ya ninka sau dubbai kafin a ji shi. Saboda haka abin da ya fi damun mai sauraro ba 50 ɗin ba ne, 'ya'yansa ne, wato 100 da 150 da na sama da su, tare da tartsatsin da injin walda da injin markaɗe da cajar waya mai araha suke zubawa a layin da unguwa ta yi tarayya a kai.

Ita taransifoma mai raba wuta tsarinta mai sauƙi ne. Naɗin wayar jan ƙarfe biyu ne a kan ƙarfe guda, ba sa taɓa juna, kuma yawan zagayensu ɗaya. Wuta tana shiga naɗin farko ta haifar da maganaɗisu, shi kuma maganaɗisun ya haifar da sabuwar wuta a naɗi na biyu, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831. Bolt 230 suka shiga, bolt 230 za su fita, amma babu wayar da ta haɗa na'urar sauti kai tsaye da layin gari. Mai inganci daga cikinsu tana da siririn faifan jan ƙarfe tsakanin naɗin biyu, wanda aka haɗa da wayar ƙasa. Wannan faifai shi ne rabin aikin, domin tartsatsi mai saurin kaɗawa yana iya tsallakawa daga naɗi zuwa naɗi ko da ba su haɗu ba, sai faifan ya tare shi ya zubar da shi ƙasa.

To a nan ne gizo ke saƙa. Gidaje da yawa soket ɗinsu rami uku gare shi, amma na ukun ba ya kai ko'ina, ba a binne sandar ƙarfe ba, ko an binne ta a busasshen rairayi da ba ya karɓar wuta sosai da rani. A irin wannan gida faifan ba shi da inda zai zubar da abin da ya tara, kuma taransifoma mai tsada ta rasa babban amfaninta. Gyaran wayar ƙasa ya fi sauƙin kuɗi, kuma yana kare rai, ba kunne kaɗai ba.

Haka nan taransifomar ba ta ɗaga wutar da ta yi ƙasa. Idan bolt 170 suka iso da magariba, 170 za ta miƙa, wannan aikin sitabilaiza ne. Ba ta kuma gyara wutar ƙaramin janareta mai hawa da sauka, ko ta inbata mai araha wadda wutarta ke tafiya da tsalle maimakon lanƙwasa.

Akwai kuma gunjin da ke tasowa idan na'urori biyu suka haɗu ta hanya biyu, alal misali dikoda da amfilifaya da wayar sauti ta haɗa su, kowace kuma tana da tata hanyar zuwa ƙasa, ɗaya ta soket, ɗaya ta wayar eriya. Ƴar wuta kaɗan sai ta riƙa zagaya wannan da'ira, amfilifaya kuma ta ƙara mata ƙarfi kamar waƙa ce. Gwajinsa ba ya cin ko sisi: a zare wayoyin da ke shiga amfilifaya ɗaya bayan ɗaya, a bar na lasifika. In gunjin ya ɗauke da zare wata waya, to ga mai laifi nan, kuma maganinsa a sa duka na'urorin a soket guda, ko a ɗaura ƴar ƙaramar taransifoma a kan wayar sautin kanta. In ya ci gaba bayan an zare komai, musamman a tsohuwar amfilifaya, sau da yawa kwandansan da ke tace wuta a cikinta ne suka bushe saboda zafi da tsufa. Taransifoma mai raba wuta tana amfani ne idan hayaniyar tana zuwa tana tafiya tare da kunna wani inji a maƙwabta.

Wasu sukan karya ƙafar ƙasa ta filogi don gunji ya tafi, kuma yakan tafi. Wannan ganganci ne, domin ran da waya ta goge a ciki, jikin na'urar zai ɗauki wuta, mai taɓa shi ya zama hanyarta zuwa ƙasa. Ya kamata a sani kuma cewa makashin wuta mai kare mutum daga jan lantarki, wanda ake sawa a allon gida, ba ya ganin abin da ke faruwa bayan taransifoma mai raba wuta, don haka ƙwararren mai aikin lantarki ne ya dace ya haɗa ta.

Wanda ya tabbatar ita yake bukata, ya duba adadin wutar da aka rubuta a bayan kowace na'ura, ya tara, ya sayi wadda ta zarce jimlar da kyau, gama ƙarama takan yi zafi ta kuma shaƙe ƙarfin amfilifaya lokacin da ganga ta buga. Ya kuma ajiye ta nesa da rikoda da wayoyin makirufo, a kan tabarmar roba in da hali, domin ƙarfen cikinta yana motsi sau 100 a daƙiƙa, ita ma tana da nata gurnanin.