Mutum-mutumin Nok a Gonarka: Abin da Tsayuwarsa ke Faɗa

Malam manomi, idan kana noma a kewayen Jos ko kudancin Kaduna, wata rana garmarka na iya cin karo da abin da ba dutse ba: kai ko hannu ko gwiwa na gasasshen yumɓu. Hakan ya sha faruwa a wannan yanki. A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono na farko kusa da ƙauyen Nok, wanda daga gare shi aka samo sunan. Wani kan da aka tono a Jama'a kuwa, kafa shi aka yi a gonar doya don korar tsuntsaye, har ya kai hannun Bernard Fagg, jami'in mulki mai ilimin kayan tarihi, wajen shekarar 1943. Fagg ne ya jagoranci kafa Gidan Kayan Tarihi na Jos da aka buɗe a 1952.

Kafin ka yanke shawarar abin da za ka yi da irin wannan tsintuwa, yana da kyau ka san yadda masana ke karanta ta. Ba fuska kaɗai suke dubawa ba, suna duba yadda aka tsayar da jikin.

Indiya ta shahara da wannan ilimi. Masu sassaƙar gumakan addinin Hindu suna da ƙa'idoji rubutattu na tsayuwa. Akwai tsayuwa miƙe sak, nauyi a kan ƙafa biyu daidai, wadda ke nuna iko da natsuwa. Akwai kuma wadda suke kira tiribanga, wato lanƙwasa uku: kai ya karkata gefe guda, ƙugu ya fita ɗaya gefen, gwiwa ta sassauta, nauyin jiki ya koma kan ƙafa ɗaya. Haka aka fi siffanta Kirishna, ya harɗe ƙafa yana busa sarewa. Duk wanda ya saba kallon rawa a fina-finan Indiya ya ga wannan karkata ko da bai san sunanta ba. Mabiyin addinin yana ganin tsayuwar da abin da ke hannu, sai ya gane wanda ake nufi ba tare da rubutu ba.

Mutanen Nok ba su bar rubutu ba, kuma tsayuwarsu daban ce. Jikin yakan tsaya a miƙe, kai ya yi girma ƙwarai a kan gangar jiki, idanu masu kusurwa uku an huda tsakiyarsu, gashi a kitse, wuya da ƙugu da hannuwa cike da duwatsun ado. Akwai mai tsaye, akwai mai durƙuso, akwai mai zaune ya ɗora haɓa a kan gwiwa kamar dattijon da ke sauraron shari'a. Da yawa an gina su ne a kan abin da ya yi kama da kifaffiyar tukunya. Ginin ma irin na tukunya ne: ana naɗa yumɓu hawa-hawa, ciki a rarake, sannan a gasa. Abin lura shi ne, irin waɗannan tsayuwa suna maimaituwa a wurare masu nisan ɗaruruwan kilomita da juna, alamar cewa su ma maginan suna bin ƙa'ida da suke koya wa na bayansu. Amma kai shi kaɗai ba ya nuna tsayuwa. Sai an haɗa shi da gwiwa da gindi da sauran gutsattsarin da ke kwance tare da shi, waɗanda mai tono cikin gaggawa yakan watsar a matsayin tsingaro.

A matsayina na mai binciken amfanin gona, abin da ya fi ɗaukar hankalina ba mutum-mutumin ba ne, ƙasar da ke kewaye da shi ce. Tun daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus suka yi aiki tare da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a wuraren Nok. A cikin toka da gawayi sun tsinci ƙonannun ƙwayoyin gero da wake da ƙwallon atile. Gwajin kabon ya nuna cewa al'ummar ta fara ne wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ginin mutum-mutumi kuma ya bunƙasa daga wajen 900. Ke nan geron da kake shukawa ya haura shekara 3,000 a wannan ƙasa. Ƙwaya guda ta isa a yi gwajin, muddin ba a birkita ramin ba. Da zarar an birkita shi, shekarun sun tafi har abada.

Za ka iya jin wani ya ce gunki ne, a farfasa shi. Ba wanda ya nemi ka girmama shi ta fuskar ibada. Shaida ce ta manoman da suka riga ka a wannan fili. Wani kuma zai zo da kuɗi. Ka sani dokar 1979 da ta kafa Hukumar ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannunta, ta kuma hana fitar da su waje ba izini. Abin da dillali zai ba ka bai kai komai ba a kan abin da zai karɓa a Turai, kuma ramukan da 'yan tono ke bari suna cinye ƙasar sama, su buɗe wa zaizaya hanya, su karya shanu. Dawo da abin da ya fita ma aiki ne ja. A Indiya, gunkin tagulla da wani ɗan ƙwadago ya tono a ƙauyen Pathur a 1976 ya sayar, sai da aka yi doguwar shari'a a Landan kafin ya koma gida a 1991.

Don haka idan ka ci karo da shi, dakatar da huɗa a wurin. Kada ka ciro shi, kada ka wanke, domin yumɓun da ya daɗe a ƙasa yana marmashewa. Mayar da ƙasa a kai, ka kafa alama, idan da waya ka ɗauki hoto tukuna. Sanar da mai unguwa da malamin gona. Kai kuma malamin gona, rubuta sunan ƙauye da gonar da zurfin da aka same shi, ka kai rahoto Gidan Kayan Tarihi na Jos ko na Kaduna, wanda ya fi kusa da kai.