Yadda Ake Ƙidaya Abin da Aka Rufe a Ɗaki

A shekarar 1995 wata mai bincike, Mary Ellsberg, da abokan aikinta suka zauna da mata 488 a Leon, wani gari a ƙasar Nikaragwa, suna tambayarsu yadda zaman aure yake. Cikin waɗanda suka taɓa aure, kashi 52 cikin ɗari suka ce miji ya taɓa sa musu hannu. Shekara uku bayan haka aka yi babban binciken lafiya na ƙasar baki ɗaya, aka saka irin wannan tambaya, sai adadin ya tsaya a kashi 28. Da masana suka koma suka duba, sai suka ga babban dalilin wannan rata yana ga yadda aka yi tambayar. A Leon an horar da masu tambaya kan wannan batu shi kaɗai, kuma ba a fara magana sai an keɓe. A babban binciken kuwa tambayar ta zo ne cikin dogon jeri na zancen haihuwa da rigakafi, sau da yawa kuma da wani a kusa yana ji.

Wannan shi ne ƙashin bayan wahalar fannin. Mai binciken zazzaɓin cizon sauro jini yake ɗiba ya auna. Mai binciken cin zarafi a cikin iyali ba shi da abin aunawa sai bakin wadda abin ya shafa, ita kuwa tana da dalilai masu nauyi na yin shiru: tsoro, da kunya, da 'ya'ya, da rashin wurin zuwa.

Abu na farko da masana suka gano shi ne, idan ka ce wa mace "An taɓa cin zarafinki?" mafi yawa a'a za ka ji, har daga bakin wadda ke ɗauke da tabo. Ba ƙarya take yi ba. A wurinta mari ɗaya saɓani ne irin na harshe da haƙori. Shi ya sa tun 1979, lokacin da Murray Straus na Jami'ar New Hampshire a Amurka ya fitar da ma'auninsa, aka koma ambaton aikin da sunansa: ya taɓa marinki? Ya taɓa ture ki, ko ya jefe ki da wani abu? Ya shaƙe ki? Ya tilasta miki kwanciya ba da son ranki ba? Mace ba sai ta yanke wa mijinta hukunci ba, abin da ya faru kawai za ta faɗa. An soki ma'aunin Straus cewa yana lissafa duka ba tare da duba mafarinsa ko raunin da ya bari ba, kuma sukar tana kan hanya, amma dabarar ambaton aiki ta zauna.

Aikin da ya fi burge ni shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka fitar a 2005, wanda aka tattauna da mata kusan 24,000 a ƙasashe goma. Adadin waɗanda miji ko abokin zama ya taɓa duka ko ya tilasta wa kwanciya ya kama daga kashi 15 a birnin Yokohama na Japan zuwa kashi 71 a karkarar Habasha. Sai dai ladubban da aka bi sun fi alƙaluman koyar da darasi. Mace ɗaya tak ake tambaya a kowane gida, don kada wata ta san abin da aka tattauna ta kai wa maigida. A ƙofar gida ana gabatar da aikin da sunan binciken lafiyar mata. Mata ne ke tambayar, bayan horo na makonni. In wani ya faɗo ɗakin, nan take mai tambaya za ta juya zancen zuwa shayarwa ko jinin al'ada har ya fita. A ƙarshe a bar wa matar bayanin inda za ta sami taimako. Duk wannan saboda an san tambaya kaɗai tana iya ja wa mace duka a daren nan.

Akwai kuma wata 'yar dabara da ke taɓa zuciya. Bayan an gama hira sai a miƙa wa mace kati mai zanen fuska biyu, ɗaya na murmushi ɗaya na kuka, a ce ta yi alama a ɓoye in an taɓa lalata da ita tana yarinya, ta naɗe da kanta. A Habasha, da baki, ko kashi ɗaya cikin ɗari bai amsa ba. A kan kati kuwa kashi bakwai suka yi alama. Matan nan dai su ne, ranar ma ita ce.

Da wannan idon ya kamata mu karanta namu alƙaluman. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ya nuna kashi 31 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukansu tun daga shekara 15, kuma fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su nemi taimako ba, ba su ma faɗa wa kowa ba. Cikin shiyyoyi shida, Arewa maso Yamma ce ke da adadi mafi ƙanƙanta. Na sha jin ana kafa hujja da wannan, ana cewa ai mu dukan mace ba ɗabi'armu ba ce. Ina fatan da gaskiya a ciki, don kuwa a Hausa namijin da ke dukan matarsa abin raini ne, malamai kuma kullum suna tunatar da cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ba. Amma mu tuna da wa ake magana. Yarinya ce da aka kai ɗakin miji da nasihar yi na yi bari na bari, aka ce mata zaman aure ɗan haƙuri ne, ciki kuma ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Baƙuwa ta shigo da takarda, uwar miji na tsakar gida, kishiya na bakin murhu, ɗakin kuma labule ne kawai a ƙofarsa. Wace keɓewa aka samu? Wadda ko sunan mijinta ba ta faɗa don kara, ita za ta tona masa asiri ga wadda ba ta taɓa gani ba?

Sannan ma'aunin kansa an ɗinka shi ne daidai da gidan miji ɗaya da mata ɗaya. Cutar da ake yi a gidajenmu takan bi ta wasu hanyoyi. Akwai hana cefane don horo, da ƙaurace wa ɗakin mace wata da watanni, da gorin haihuwa, da hana ta zuwa asibiti har naƙuda ta yi tsanani, da sakin dare a kore ta ba ko mayafi. Akwai azabar da 'yar riƙo ko agola ke sha a hannun mace 'yar uwarta. Wasu daga cikin waɗannan suna shiga tambayoyin, da yawa ba sa shiga. Yarinyar da ke ɗakin miji tana shekara 14 da tsohuwar da ta haura 50 kuwa duk suna waje da lissafin.

Doka ma da baki biyu take magana. A 2015 aka sa hannu kan dokar hana cin zarafin mutane ta tarayya, wadda sai jiha ta karɓa take aiki a cikinta, alhali sashe na 55 na tsohon kundin Final Kod na Arewa ya bar wa miji damar "ladabtar" da matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba.

Ga masu bincike a jami'o'inmu, akwai taskar da ke jiran mai buɗewa. Matar da ba za ta amsa wa baƙuwa ba takan yi yaji, takan kai ƙara wurin waliyyi ko mai unguwa, ko ofishin Hisba, ko gaban alƙali tana neman khul'i. Rajistar kotunan shari'a, da littafin sulhu na Hisba, da abin da ungozoma da ma'aikatan ɗakin haihuwa ke gani da idonsu, duk shaida ce. Ba za su ba da adadin ƙasa ba, tunda wadda tura ta kai bango ce kawai ke isa can. Amma a cikinsu ne za a ji kalmomin da mata da kansu suke kiran abin da su, kuma da waɗannan kalmomi ne za a iya rubuta tambayar da Bahaushiya za ta gane cewa da ita ake.