Curitiba: Birnin da Ya Bar wa Ruwa Fadamarsa

Duk lokacin da aka tafka ruwan sama a Curitiba, babban birnin jihar Paraná da ke kudancin Brazil, tafkin da ke tsakiyar wurin shaƙatawa na Barigui yakan cika ya tumbatsa. Ruwa ya hau ciyawa, ya shanye hanyoyin masu keke da masu motsa jiki. In ya janye, ma'aikata su kwashe laka, jama'a su dawo da 'ya'yansu. Babu mai kiran wannan bala'i, domin dama don haka aka yi wurin. Ruwan da ya kwana a kan ciyawar nan, shi ne da zai kwana a ɗakunan mutanen da ke zaune a gangare.

A shekarar 1970 mazauna Curitiba ba su wuce dubu 600 da 'yan kai ba. Cikin shekara goma suka haura miliyan ɗaya, saboda injuna sun karɓe aikin gona a karkara, ma'aikatan gonaki suka yi ta kwarara birni. Garin kuwa a tsakanin koguna yake: Barigui da Belém da Atuba, dukansu suna zuba a kogin Iguaçu. Dabarar da aka sani a lokacin ita ce a miƙar da kogi, a ɗaure shi cikin kankare, wani wurin ma a rufe shi a yi titi a kai. Sai dai ruwan da aka ƙuntata ƙara gudu yake yi, ya je ya afka wa unguwar da ke gaba.

Tun a 1965 birnin ya kafa cibiyar bincike da tsara gari da ake kira IPPUC, aka kuma amince da babban tsarin birnin a 1966. Ɗaya daga cikin matasan cibiyar, masanin zanen gine-gine Jaime Lerner, shi gwamnatin soja ta lokacin ta naɗa magajin gari a 1971, yana da shekara 33. Shi da injiniyoyinsa, irin su Nicolau Klüppel, suka juya lissafin. Kuɗin da za a zuba a siminti don hana ambaliya, sai aka sayi fadamun bakin koguna da shi, aka yi ƙananan madatsun ruwa, tafkuna suka samu, aka dasa itatuwa kewaye da su. A 1972 aka buɗe Barigui, mai faɗin kusan hekta 140, da kuma São Lourenço a kan kogin Belém, inda tsohuwar masana'anta ta koma wurin koyon sana'o'in hannu.

Abin da ya fi cancanta a lura da shi a nan shi ne lokacin da aka sayi filayen. Gari bai riga ya iso wuraren ba, ƙasar jiƙa take yi, ba mai rububinta, don haka diyyar ba ta yi nauyi ba. Da an jira shekara ashirin, da an tarar da gidaje da shaguna da makarantu, kuma babu magajin garin da zai iya tashin dubban iyalai don ya shuka ciyawa. Birnin ya ƙara da dokoki: an hana gini a kwaruruka da gaɓar koguna, mai fili da ya bar kurmin da ke cikin filinsa ana rage masa haraji, wanda kuma ya sallama wa birni wani yanki ana iya ba shi izinin ƙara hawa a benen da zai gina a wani wurin. Ta haka hukuma ta samu filaye da dama ba tare da ta zare kuɗi daga baitulmali ba.

Alƙaluman hukumar birnin sun nuna cewa a farkon shekarun 1970 rabon kowane mutum na fili mai ciyayi bai kai murabba'in mita ɗaya ba. Kafin ƙarshen ƙarnin ya haura 50, alhali yawan jama'a ya ninka fiye da sau biyu.

Ba fadama kaɗai aka ceto ba. Ramukan da masu fasa dutse suka bari sun koma wurin shaƙatawa na Tanguá a 1996, wani ramin kuma aka gina masa gidan wasan Ópera de Arame da bututun ƙarfe a 1992. An ba al'ummomin da suka yi ƙaura zuwa garin nasu wuraren: 'yan asalin Poland suna da kurmin da aka jera tsofaffin gidajensu na katako, 'yan Yukren suna da nasu a Tingui, akwai kuma ginin tunawa da Larabawa. Wannan dabara ce mai kyau, domin wurin da mutane suke ganin tarihin kakanninsu a ciki ba sa yarda a lalata shi. Da kuɗin yankan ciyawa a wuraren shaƙatawa ya yi yawa, sai hukuma ta kawo garken tumaki da makiyayi su yi aikin.

Lerner ya riƙe birnin sau uku, daga baya ya zama gwamnan jihar, ya rasu a 2021. Amma aikin bai rataya a wuyansa shi kaɗai ba. Magadansa irin su Rafael Greca da Cássio Taniguchi daga cikin IPPUC suka fito, taswirar babban tsarin birnin kuma tana nan a ofis ɗaya, gwamnati ta zo ta tafi, ana ci gaba da cike gurbin da aka zana tun farko.

Mai karatu a Kano ko Zariya ko Katsina ya san wani abu makamancin wannan. Kududdufan da kakanni suka haƙa don ɗibar ƙasar gini su ne suke shanye ruwan damina a cikin birni. Da yawansu an cike su da shara da ƙasa an yanka fuloti, haka ma filayen da samari suke buga ƙwallo. In ruwan Agusta ya sauka, lambatu ba ya iya ɗauka, sai ya bi lunguna ya shiga gidaje. Kududdufin da ya rage a yau, in aka yashe shi, aka hana zuba masa ƙazanta, aka kewaye shi da itatuwa da wuraren zama, aikin da zai yi shi ne aikin tafkin Barigui, kuma ba sai an biya kowa diyya ba.

Curitiba ma ba ta tsira daga suka ba, kuma sukar tana da tushe. Mafi kyawun wuraren suna arewaci da yammacin birnin, inda masu hali suka fi yawa, kuma kowane sabon wurin shaƙatawa yana ɗaga farashin gidajen da ke kusa da shi. Wani kaso na alƙaluman da ake alfahari da su kurmi ne na masu zaman kansu, wanda ɗan talaka ba ya shiga. Waɗanda tsada ta kora kuwa sun gangara kudu da garuruwan kewaye, suka kafa matsuguni a fadamar Iguaçu, inda dokar birnin ba ta kai ba ko ba a iya aiwatar da ita ba. A watan Janairun 1995 kogin ya yi ambaliya ya raba dubban mutane da gidajensu. Bayan wannan ne gwamnatin jihar ta haƙa doguwar hanyar ruwa a gefen kogin don rage masa nauyi, ta kuma shiga tsara magudanan ruwa na birnin da garuruwan da ke maƙwabtaka da shi gaba ɗaya.