Zuga da Ƙarfafa Gwiwa: Bambancin Ma'anar Waɗansu Kalmomin Ingilishi

Malamin da ya ke koyar da fassara a kwalejin horon malamai ya kan iske ɗalibansa suna mayar da encourage, hearten, embolden, inspire da incite duka abu guda, watau ƙarfafa gwiwa. Alhali kuwa kowace da inda ta dosa, har waɗansunsu yabo ne, waɗansu zargi.

Encourage ita ce ta fi kusa da ƙarfafa gwiwa. Ta shigo Ingilishi daga Faransanci, tushenta kuwa kalmar da ta ke nufin zuciya. Ana faɗinta ga wanda ya kama aiki, ko ya ke shakkar kamawa, aka ce masa ya ci gaba. Hearten ta fi ta ƙunci, don sai wanda gwiwarsa ta riga ta yi sanyi a ke yi wa ita, kuma sau da yawa labari ne ko wani al'amari ya ke kawo ta. Manomin Dosara wanda ya ga hadari ya haɗu bayan shukarsa ta fara yaushi, halin da ya shiga shi ne wannan. A nan akwai tarko ga mai fassara. Bature ya ajiye ƙarfin hali a zuciya, Bahaushe kuwa ya raba shi tsakanin zuciya da gwiwa, sa'an nan in aka ce mutum ya yi zuciya, fushi a ke nufi.

Embolden kawar da tsoro ce ko kunya, har mutum ya aikata abin da dā ba ya iyawa. Ta kan zo da ɗan zargi, kamar yadda a kan ce yaro ya sami fuska.

Wahalar ta fi yawa wajen inspire da incite, domin Hausa tana da kalma guda wadda ta rungume su duka biyu, ita ce zuga. Asalin inspire daga Latin ne, ma'anarta busa numfashi cikin abu, watau a cusa wa mutum himma wadda dā ba shi da ita. Aikin makaɗan noma ke nan a wurin gayya, kuma irinsa ne Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya yi wa manoma da sarakuna: ya ambaci uban mutum da kakansa har tsuma ta kama shi. Wannan zuga abin so ce, har kyauta a ke bayarwa saboda ita. Amma in aka ce an zuga wane ya saki matarsa, ko an ingiza mai kantu ruwa, to, an koma incite, wadda ba ta zuwa sai da mugun abu, kuma a bakin masu shari'a laifi ce mai hukunci. Ɗalibin da ya ce makaɗi ya yi incite ɗin manoma, ya mai da shi mai laifi bai sani ba.

Lalle wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mai rubuta tarihin ƙasar nan. An gama gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, a 1978. Manoman da suka rasa gonakinsu suka tashi neman diyya, suka tare hanyoyi, har a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, mutane da yawa suka mutu. Wanda zai ba da labarin nan da Ingilishi tilas ya zaɓi kalma. In ya rubuta encouraged, ya nuna manoman suna da ƙara tasu ta gaskiya, an dai tallafa musu. In ya rubuta emboldened, ya nuna sun ga sarari ne suka wuce gona da iri. In kuwa ya rubuta incited, ya ce ke nan wani ne ya tunzura su daga waje, ya kawar da maganar gonaki da diyya baki ɗaya. Dattijon Bakura ko na Maradun wanda ya ce an zuga su, sai an sake tambayarsa wace zuga ya ke nufi kafin a sa alƙalami a takarda.