Cajin Ababen Hawa Masu Batir da Nauyinsa a Kan Layukan Wuta a Cikin Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, hankalin masu sufuri ya soma karkata ga ababen hawa masu aiki da batir, musamman adaidaita-sahu. A wannan takarda za mu duba abin da cajinsu kan haifar ga layukan rarraba wuta a cikin ganuwar Kano.

2.0 Taransifomar Unguwa

Wuta tana isowa Kano ne ta tashar Kumbotso, a kan babban layi mai kilobolt 330. Daga nan ake rage ƙarfinta daki-daki, har kamfanin KEDCO ya kai ta taransifomar unguwa. Kowace taransifoma kuwa tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka. Alal misali, mu ɗauki mai kVA 300 a unguwa irin Yakasai ko Mandawari. Idan motoci 20 suka jona a lokaci guda, kowace tana jan kilowat 7, jimla kilowat 140 ke nan, wato kusan rabin ƙarfinta tun ba a kunna fitila ko fanka ba. Sakamakon haka shi ne wuta ta raunana a gidajen ƙarshen layi, taransifomar ta yi zafi, kwananta ya ragu. Daɗin daɗawa, ƙuncin lungunan birni bai bar filin kafa sababbi ba.

3.0 Saɓanin Lokaci

A watan Janairu, 2023, aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 10 a yankin masana'antu na Challawa. Sai dai irin wannan tasha takan fi ba da wuta ne daga hantsi zuwa azahar, alhali direba yakan dawo gida ya sa caji bayan magariba, lokacin da rana ta faɗi, gidaje kuma suka fi jan wuta. A ganinmu, nan ne gizo ke saƙar.

4.0 Kammalawa

Saboda haka muna ba da shawara a kafa wuraren musayar batir a bakin ƙofofi, kamar Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa, inda akwai sarari, a riƙa cika batura da rana tsaka, a kuma rangwanta kuɗin cajin rana. In ba haka ba, mai awo da tela da ɗalibin cikin lungu su ne za su biya kuɗin wannan ci gaba da zaman duhu.