Takunkumin Fuska Da Mai Aikin Ƙarfi

Tun shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta game duniya, takunkumin rufe hanci da baki ya shiga cikin hajar kasuwa. Annoba ta lafa, amma shi bai tafi ba, gama ƙurar hunturu ta ba shi wurin zama. Sai dai akwai wata magana da ke yawo a bakin 'yan dako, da masu tura amalanke, da samari masu guje-guje, wai wanda ya ɗaura shi yana aikin ƙarfi numfashin da ya fitar ya ke mai da wa ciki, har jininsa ya ɓaci. Maganar ta isa a auna ta, domin wanda ya gaskata ta zai yar da takunkumi ya sha ƙura, wanda kuwa ya raina ta ɗungum ya kan wahalar da ƙirjinsa a banza.

Mutum in yana zaune, iskar da ya ke ja a minti guda ba ta wuce kamar lita 6 zuwa 8. In ya ɗauki buhu, ko ya sheƙa da gudu, ta kan haura lita 100. Kashi 21 cikin 100 na iskar nan oksijin ne, watau abincin jini. Wadda ke fita kuwa tana ɗauke da iskar kabon, dattin da jiki ke zubarwa. Ƙwayoyin iskokin nan biyu sun fi kafofin saƙar ƙyalle ƙanƙanta nesa ba kusa ba, suna ratsa shi kamar ruwa a rariya. Abin da ke maƙalewa tsakanin ƙyalle da fuska kaɗan ne ƙwarai.

Malaman jami'ar Saskatchewan ta ƙasar Kanada sun jarraba wannan cikin 2020. Suka ɗora mutum 14 masu lafiya bisa keken da ke kafe wuri ɗaya, kowa ya yi ta tuƙi har ƙarfinsa ya ƙare, wani karo da takunkumin ƙyalle, wani karo da na asibiti, wani karo fuska a buɗe. Ba su ga oksijin ya ragu cikin jini ba, ba su kuma ga takunkumi ya kawo gajiya da wuri ba. A shekarar nan dai aka gwada maza 12 a birnin Leipzig na Jamus, aka tarar takunkumi, balle mai kaurin nan da a ke kira N95, ya rage yawan iskar da su ke ja, ya kuma rage musu ƙarfi a ƙurewar aiki. In an haɗa biyun, abin da ya bayyana shi ne jinin mai lafiya yana samun rabonsa, amma ƙirji ne ke biya, kamar falken da ya iso da kayansa cif, sai dai ya ba da kuɗin fito a hanya.

Babbar wahala daga zufa ta ke. Ƙyalle in ya jiƙe sai ya manne a kafar hanci, numfashi ya yi nauyi, fuska ta ɗauki zafi. Sabo da haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 kada a sa takunkumi lokacin motsa jiki mai tsanani, a dai bar tazarar mita guda tsakanin mutum da mutum. Buzaye sun daɗe suna ratsa hamada da amawali, amma nasu sako-sako ne, tafiyar kuwa ta raƙumi ce, ba gudu ba.

Ƙyalle ya kan tare ƙura mai gwaɓi, lallausar ta wuce. N95 ke kama lallausar, shi ne kuma mafi nauyin shaƙa. Ɗan dako mai aiki cikin hazo gara ya riƙe guda biyu, in ɗaya ya jiƙe ya sauya. Mai fuka da mai ciwon zuciya hukuncinsu dabam ne, sai sun tambayi likita. Wanda kuwa ya ji jiri, ko ƙirjinsa ya ɗaure, ya sauke kaya nan take, ya kwance takunkumi, ya zauna a inuwa, attajirin da ya ɗauke shi kuma kada ya tsananta masa.